Me ya sa ake rasa 'yan kyanwa a Janairu, a Yuni kuma a rasa inda za a sa su?

Duk shekara sai an maimaita abu ɗaya a Ingila da Amurka. Mutum zai shirya a watan Disamba ko Janairu yana so ya ɗauko ɗan kyanwa ya kawo wa yara gida, ya buga waya gidan rainon dabbobi na kusa da shi a ce masa babu, ya gwada na garin gaba nan ma a ce sai manya kawai suka rage, in yana so ya bada suna ya jira. Wata biyar bayan haka kuma waɗannan gidajen dai su ne za ka gani a Facebook da Instagram suna roƙon jama'a a zo a kawo ɗauki, keji ya cika, madara ta ƙare, masu raino sun gaji. Wanda bai san kan abin ba sai ya ɗauka ko dai ɓoye su ake yi a Janairu, ko kuma neman kuɗi ne kawai a Yuni. Ga kuma sabbin dokoki da suka ƙara rikita mutane, kamar ta Ingila da ta fara aiki ranar 10 ga Yuni 2024 wadda ta wajabta saka wa kowace kyanwa na'urar shaida, da wadda ta gabace ta a 2020 da ta hana 'yan kasuwa saida 'yan kyanwa a shago. 'Yan uwanmu da ke zaune a can da yawa suna tambaya, haka ma masu kiwon mage a gida da ke ganin bidiyoyin nan suna mamaki, dan mu a wajenmu ba mu san mage da wani lokacin haihuwa na musamman ba.

Waɗanne irin gidaje ake nufi

Gidan rainon dabbobi wuri ne da ake karɓar kare ko kyanwar da ba ta da mai ita, ko wadda mai ita ya kasa riƙewa, a duba lafiyarta a yi mata allura sannan a nemo mata wanda zai ɗauka. A Ingila akasari ƙungiyoyin agaji ne ke tafiyar da su da kuɗin sadakar jama'a, irin su RSPCA da aka kafa tun 1824, da Battersea ta Landan ta 1860, da Cats Protection ta 1927 wadda ita kyanwa kaɗai ta sa gaba. A Amurka kuma iri biyu ne, akwai na ƙaramar hukuma da da yawansu dole su karɓi duk abin da aka kawo ko da wuri ko babu, akwai kuma na ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke da ikon cewa mun cika. Wannan bambancin yana da muhimmanci sosai, za mu dawo kansa. Kyanwar da ke shiga irin gidajen nan a Amurka kusan miliyan 3 ce a shekara.

Sai masu riƙo. Su mutane ne na gari da ke karɓar jarirai su kai gidajensu su raine su na 'yan satuttuka kyauta, in sun isa su maido. Yawancin 'yan kyanwar da ake cewa "muna da su amma ba su isa ba" ba ma a cikin ginin suke ba, suna hannun waɗannan mutanen. Shi kuma abin da ake kira kakar 'yan kyanwa, watannin da haihuwa ke yin yawa ne, a arewacin duniya daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ƙarfinta kuma Mayu zuwa Yuli.

Hasken rana ne ke riƙe da akalar

Mutane da yawa suna ɗauka zafi ne ke sa kyanwa neman namiji. Ba zafi ba ne, tsawon yini ne. A cikin ƙwaƙwalwarta akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin melatonin idan duhu ya yi, in dare ya yi tsawo sinadarin ya yi yawa sai ya danne aikin ƙwan haihuwa, jikin ya kwanta ya huta. In yini ya fara tsawo melatonin ya ragu sai abin ya farka. Masu kiwon kyanwa na sana'a sun daɗe da sanin haka, in suna so mace ta riƙa neman barbara duk shekara sai su kunna mata fitila awa 14 a rana, in aka rage hasken zuwa awa 8 kuma sai ta tsaya cak.

Toh ka duba Landan. A ƙarshen Disamba yini bai kai awa 8 ba, a ƙarshen Yuni kuma ya haura awa 16 da rabi. Niyok tana tsakanin awa 9 da 'yan mintuna zuwa awa 15. Daga 21 ga Disamba yini ke fara ƙaruwa kaɗan kaɗan, kuma jikin kyanwa yana jin wannan ƙaruwar tun mutane suna cikin rigar sanyi, shi ya sa a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ake fara jin kukan nan nasu da dare ana tsakiyar hunturu. Daga nan har wajen Satumba mace za ta yi ta zagayowa, ta yi kamar sati ɗaya tana neman namiji, tana kuka tana birgima tana ɗaga baya, in ba ta samu ba ta huta sati biyu zuwa uku ta sake dawowa. Daga Oktoba zuwa Disamba sai yawancinsu su yi shiru. A Ostareliya da Niyuzilan abin juyawa yake, dan su Disamba ne yininsu mafi tsawo, kakarsu tana kamawa daga ƙarshen shekara ta shiga farkon shekara mai zuwa.

Akwai wani abu kuma da ya sa kyanwa ba ta cika yin barbarar banza ba. Ita ba kamar mutum ko saniya ba ce da ƙwai ke fita da kansa in lokaci ya yi, a wajenta barbarar ce da kanta ke sa ƙwan ya fito. Gaban muzuru yana da 'yan ƙayoyi, su ne ke sa ta wannan ihun ta juyo ta kai masa yakushi in an gama, kuma wannan ɗin ne ke aika saƙo ƙwaƙwalwa a saki ƙwai. Kenan kusan duk lokacin da ta haɗu da namiji sau da yawa a kwanakin nan ciki zai shiga. Kuma tana iya haɗuwa da muzuru biyu ko uku, a haifi 'ya'ya ciki ɗaya uba daban daban, shi ya sa za ka ga ɗaya baƙi ɗaya ja ɗaya mai zane.

Ba dukkansu ne ke bin wannan tsarin sau da ƙafa ba. Wadda ke zaune a ɗaki kullum cikin hasken lantarki tana iya neman namiji ko a Disamba, masu gajeren gashi irin 'yan Siyam ba su cika tsayawa ba, masu dogon gashi irin na Farisa su ne suka fi bin lokaci. Dan haka haihuwar hunturu tana faruwa, kaɗan ce dai.

Lissafin satuttuka

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, sati tara kenan. In an yi barbara tsakiyar Fabrairu za ta haihu wajen 20 ga Afrilu. Jariri yana zuwa da nauyin giram 100 ko kusa da haka, ido rufe kunne toshe, ba ya iya ɗumama jikinsa, ko fitsari da kashi ba ya yi sai uwar ta lashe shi. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, a sati huɗu ya fara lasar abinci, yaye kuma tsakanin sati shida zuwa takwas. Gidajen Amurka da yawa ba sa bada shi sai ya cika sati 8 kuma nauyinsa ya kai kusan giram 900, dan a nan ne likita ke yarda ya yi masa aikin hana haihuwa kafin ya fita. A Ingila allurar farko a sati 9 ake yi, ta biyu a sati 12. Ka haɗa lissafin, cikin Fabrairu sai tsakiyar Yuni ko Yuli zai isa hannun mai nema. Wato tsakanin kukan da aka ji a kan katanga da ranar da za a ce zo ka ɗauka akwai wata huɗu cur.

Ba a nan ta tsaya ba. Uwar tana iya komawa neman namiji 'yan satuttuka bayan haihuwa, wani lokaci tana kan shayarwa ma, sai ta ɗau ciki na biyu a Yuni ko Yuli ta haihu a Agusta ko Satumba, waɗannan su ne ake samu a Oktoba da Nuwamba. Kuma 'yar da aka haifa a Afrilu tana kai wata huɗu ko biyar a Agusta zuwa Satumba yini bai gajarta sosai ba tukuna, ita ma za ta iya ɗaukar ciki a shekarar da aka haife ta tana yarinya ƙarama. Wannan shi ne abin da ya fi shammatar masu kiwo, suna ganin ai 'yar jaririya ce har yanzu, ana jiran ta girma kafin a kai ta asibiti, sai kawai a ga ciki. Cikin ƙarshe na Satumba ana haifarsa a Nuwamba, ya isa bayarwa a Janairu, daga nan sai a shiga fari har zuwa Mayu. Kamar tumatir ne, lokacin da ya yi yawa har zubarwa ake a kasuwa, lokacin da ya yanke kuma ko da kuɗinka sai ka sha yawo, ba wanda ya ɓoye shi.

Akwai wani adadi da ke yawo a intanet shekara da shekaru, wai mace ɗaya da zuriyarta za su iya zama 420,000 a shekara bakwai. Lissafin takarda ne da ya ɗauka ba wadda za ta mutu. Binciken da likitocin dabbobi suka yi a jihar Karolina ta Arewa aka buga a 2004 kan kyanwowin da ke yawo a waje ya nuna mace tana haihuwa sau 1.4 a shekara a matsakaici, 'ya'ya uku a ciki, kuma kashi 75 cikin ɗari na 'ya'yan sun mutu ko sun ɓace kafin su kai wata shida. Wannan adadin na gaskiya ya fi wancan nauyi ma in mutum ya tsaya ya duba, dan yana nufin yawancin waɗanda aka haifa a waje ba sa ma kaiwa ƙofar gidan raino, mota da kare da ciwo sun riga sun ɗauke su.

Ana kuma yawan cewa sauyin yanayi ya tsawaita kakar. Ma'aikatan gidajen da dama suna cewa yanzu suna ganin jarirai tun Fabrairu har Disamba. Masu bin ilimin jiki suna amsawa da cewa tsawon yini bai canza ba, abin da sassaucin hunturu ke yi shi ne ya bar jarirai da uwaye da yawa su rayu, abinci ya samu, ga kuma fitilun titi da na gidaje. Duka ɓangarorin sun yarda ana ganin ƙari a gefe da gefen kakar, a kan dalili ne suka bambanta.

Cikin gidan raino a watan Yuni

Babbar matsalar ba yawa kaɗai ba ce, shekarun waɗanda ake kawowa ne. Babbar kyanwa keji da abinci da kwanon yashi ta ishe ta. Jaririn sati ɗaya da ba uwa kuwa sai an ba shi madara da kwalba duk awa biyu zuwa uku dare da rana, a goge masa gindi da auduga mai ɗumi ya yi fitsari, a ajiye shi kan abin ɗumama jiki, a auna shi kullum. Gidan da ke rufewa ƙarfe shida na yamma ba shi da mai yin wannan. Shi ya sa shekaru da yawa a Amurka jariran da ba su kai sati 8 ba suna cikin waɗanda aka fi yi wa allurar mutuwa a gidajen hukuma, ba dan suna da ciwo ba, dan ba hannun da zai raine su. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta buɗe ɗakin rainon jarirai na musamman a Niyok a 2014 saboda wannan giɓin, wasu biranen ma sun yi irinsa, amma har gobe masu riƙo na gida su ne ƙashin bayan aikin.

Sai ciwo. Inda aka tara ƙanana da yawa da ba su gama allura ba mura tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ido ya kumbura ya manne, ga makero a fata, ga wani mugun ciwon gudawa da amai mai suna fanlukofeniya da ke iya share ɗaki guda cikin kwanaki, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa da bango wata da watanni. In ya ɓulla dole a rufe sashen, kenan ko akwai 'yan kyanwa hamsin a ciki za a ce maka babu na bayarwa.

Waɗanda suka fi shan wahalar kakar ba tare da an lura ba su ne manya. Kyanwa mai shekara biyar ko takwas da mai ita ya rasu ko ya tashi daga gidan haya, in ta shigo a Yuni ba mai kallonta, kowa ƙarami yake so. Haka uwayen da aka kawo da 'ya'yansu, a kwashe 'ya'yan a bar ta.

Abin da dokokin suka canza

A Ingila dokar 2018 ta hana masu lasisin saida dabbobi su saida ɗan kyanwa ko kwikwiyo da bai kai sati 8 ba. Daga 6 ga Afrilu 2020 aka ƙara da wadda ake kira dokar Lucy, ta hana dillali ko shago saida wanda bai kai wata shida ba, sai dai ka je wajen wanda aka haifa a hannunsa ko gidan raino. Ta 2024 kuma ta ce kafin kyanwa ta kai sati 20 sai an saka mata maikurocif, 'yar na'ura ce da girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba ana tura ta ƙarƙashin fatar wuya, tana ɗauke da lambar da ke nuna mai ita. Wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi tarar tana iya kai fam 500, ko da kyanwar ba ta fita ko ƙofar gida. Jihar Kalifoniya ta hana shaguna saida na masu kiwon kasuwa tun Janairu 2019, Faransa ta hana saida kare da kyanwa a shago daga Janairu 2024.

Masu goyon baya suna cewa dokokin sun toshe kasuwar masu tara mata suna ta haifar da su a ƙazamin wuri ana raba jarirai da uwa tun ba su isa ba. Masu suka kuma suna cewa cinikin bai mutu ba, intanet ya koma, kuma a watannin fari da gidajen raino ba su da ƙanana nan ne masu talla a shafuka ke cin kasuwa, su saida na sati biyar a ce sati takwas ne, wasu ma su karɓi kuɗin kafin alƙalami da hoton da ba nasu ba. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Doka ta gyara wanda zai saida da ranar da zai saida, ba ta taɓa watan haihuwa ba.

Sati 8, 12 ko 14

Nan ma ba a haɗu ba a kan satin da ya kamata a raba ɗan kyanwa da uwarsa a bayar da shi. Gidajen raino suna son sati 8 dan kowane keji da ya daɗe a cike yana nufin wani jariri a waje da ba a karɓa ba, kuma zaman gidan kansa haɗari ne ga ƙarami saboda ciwo. Masu kiwon jinsi a Ingila ƙarƙashin GCCF, ƙungiyar da ke rajistar jinsin kyanwa, sati 13 suke bi, bayan an gama allura biyu. Wani bincike na jami'ar Helsinki da aka buga a 2017 kan kyanwowi sama da 5,700 ya gano waɗanda aka raba da uwa kafin sati 8 sun fi faɗa da cizo, waɗanda suka kai sati 14 kuma sun fi natsuwa. In aka duba da kyau ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Ɗan da ke kwance da uwarsa a gida mai tsabta ba abin da zai rasa in ya ƙara sati huɗu, riba ma zai ci. Maraya da ke keji tsakanin ɗari irinsa kuwa fitarsa da wuri ta fi masa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne tsakanin sati 2 zuwa 7 ne ɗan kyanwa ke sabawa da hannun mutum, in wannan lokacin ya wuce bai taɓa jin an ɗauke shi ba zai yi wuya ya zama na gida.

Rigimar magen titi

Yawancin jariran da ke cika gidajen nan ba daga ɗakin kowa suka fito ba, 'ya'yan na waje ne. Dan haka duk maganar rage su sai ta koma kan uwayen. Hanyar da ƙungiyoyi irin su Alley Cat Allies da aka kafa a 1990 ke yaɗawa ita ce a kama da tarko, a yi aikin hana haihuwa da allurar haukan kare, a ɗan yanke kan kunnen hagu dan a gane an yi mata, a maida ta inda aka kamo ta. Hujjarsu in ka kwashe ka kashe wasu ne za su shigo su cike gurbin tunda abincin yana nan. A harabar wata jami'a a Fulorida an bi wannan hanyar shekara 11 adadin ya ragu da kashi 66, sai dai kusan rabin kyanwowin ba maida su aka yi ba, gidaje aka samo musu.

Masu kare tsuntsaye, irin su American Bird Conservancy, ba su yarda ba. Suna kafa hujja da binciken 2013 da ya ƙiyasta kyanwa tana kashe tsuntsu biliyan 1.3 zuwa 4 a shekara a Amurka kaɗai, mafi yawa kuma marasa masu su ne ke yi. Suna cewa wadda aka yi wa aiki ba ta daina farauta ba. Duk wanda ya taɓa kiwon 'yan tsaki a tsakar gida ya san muzuru ba sai an yi masa bayani ba. Ostareliya ta ɗau wannan ɓangaren da ƙarfi, a 2015 gwamnati ta sa burin kashe miliyan 2 na daji kafin 2020 saboda ƙananan dabbobinta da ke ƙarewa. Lissafin masana ya nuna hanyar kamawa da maidawa ba ta rage yawa sai an yi wa sama da kashi 70 na unguwa kuma an ci gaba da yi, in aka yi wa goma cikin ɗari aka tafi an taimaki goman nan amma Yuni mai zuwa ba zai canza ba.

Haka maganar gidajen da ke cewa su ba sa kisa. Ma'aunin da ƙungiyar ceton dabbobi ta Amurka Best Friends ke amfani da shi shi ne a ceci kashi 90 na abin da ya shigo. Masu suka, ciki har da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA, suna cewa hanya mafi sauƙi ta kai wannan adadin ita ce ka rufe ƙofa in ka cika, sai nauyin ya koma kan gidan hukuma da ba shi da ikon ƙin karɓa, shi kuma a zage shi.

A wajenmu fa

Kano tana kusa da tsakiyar duniya, yininta tsakanin awa 11 da rabi ne zuwa kusan 13 duk shekara, Akra da Yawunde ma bambancin bai kai haka ba. Siginar da ke kashe neman barbara a Landan ba ta da ƙarfi a nan, shi ya sa mage ke haihuwa a sito ko bayan buhunan hatsi a kowane wata, kuma ba tsarin gidajen raino irin na can, 'ya'ya a hannu ake rabawa tsakanin maƙwabta ko a kai su bakin kasuwa a ajiye. Kenan mai kiwo a gida bai da watannin hutun da na Turai ke samu. Ana yin aikin hana haihuwa a asibitocin koyarwa na dabbobi irin na ABU Zariya da na jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, da asibitoci masu zaman kansu a manyan birane.

Tambayar da ta fi tsayawa mutanenmu a rai, a gida da waje, ita ce halaccin aikin. Malamai sun yi saɓani. A Risala an ce ba laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, an kuma hana a doki. Shafi'iyya sun taƙaita halaccin ga dabbar da ake ci tun tana ƙarama, Hanafiyya sun faɗaɗa in akwai amfani ko kauda cuta, kuma cikin malaman zamani Ibn Usaimin ya halatta a kyanwa in sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai azabtar da su ba. Masu hanawa suna kallon canza halitta, masu halattawa suna kallon 'ya'yan da za a zubar su mutu da yunwa, suna tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Kuɗin da gidan raino ke karɓa ma ana tambaya a kai saboda hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim kan kuɗin kyanwa, wanda jamhur suka fassara da karhanci wasu kuma suka ɗauke shi haramci, su dai gidajen suna cewa kuɗin allura da aiki da maikurocif ne, kuma sau da yawa bai ma kai abin da suka kashe ba.

Mai nema da wanda ya tsinta

Wanda ke Turai ko Amurka yana son ƙarami, Yuni zuwa Oktoba ne lokacinsa, zai samu zaɓi kuma wasu gidajen suna rage kuɗi ko su bada biyu a kuɗin ɗaya. Zai fi kyau ya cike takardu tun Afrilu dan wasu sai sun duba gida sun ga takardar mai haya ta yarda. Wanda ya matsu a Janairu ya duba 'yan wata shida zuwa tara, ragowar kakar bara ne, sun gama allura an yi musu aiki kuma halinsu ya riga ya bayyana.

Wanda kuma ya ci karo da jarirai a bayan gida ko gareji, kar ya yi saurin kwashewa. In suna da tsabta, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule, uwar tana kusa ta je neman abinci ne kuma ba za ta dawo ba muddin mutum na tsaye a wajen. A ja baya a duba bayan 'yan awanni, wasu suna barbaɗa gari a kewaye dan su ga sawunta. In sun yi sanyi, sun jiƙe, suna ta kuka ba tsayawa, toh a nan ne ake ɗauka, a fara da ɗumama su kafin a ba su komai dan jariri mai sanyi ba ya narkar da abinci. Madarar shanu tana sa su gudawa, akwai tasu ta musamman. Kar a ba su farasitamol ko kaɗan, kisa yake yi wa kyanwa, haka maganin ƙuma na kare mai sinadarin famitirin.

Ga mai mace a gida kuma, tsohuwar shawarar a jira wata shida ko a bari ta haihu sau ɗaya tukuna likitoci sun bar ta. Cats Protection wata huɗu take cewa, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta goyi bayan a yi kafin wata biyar tun 2017, kuma yin aikin kafin ta fara neman namiji yana rage haɗarin kansar nono sosai. Wadda aka ɗauko a Oktoba tana 'yar sati takwas za ta kai wata biyar a Janairu daidai lokacin da yini ke fara tsawo, dan haka layin asibitinta a Disamba ya kamata a kama, kuma masu ƙaramin ƙarfi a Ingila suna iya tambayar Cats Protection ko PDSA, ƙungiyar agaji mai asibitocin dabbobi, ko akwai tallafin kuɗin aikin a yankinsu.